Ranki Ya Daɗe, Gahawar Ƙanƙara

Ƙyashi ne kawai zai hana mutum jinjina wa gahawar ƙanƙara mai ɗanɗano, wadda ake zubawa a dogon kofin roba garai-garai, a naɗa mata rawanin kirim, a yi mata zanen karamel, a soka mata tsinken zuƙa. Cikin shekara talatin ta yi abin da alawa da askirim da lemon kwalba suka daɗe suna nema bai samu ba. Ta sa magidanci mai iyali, mai digiri, wanda zai ji kunya a gan shi yana lasar alawa a bakin titi, ya shanye sukarin yini biyu kafin ƙarfe tara na safe, ya shiga ofis da kofinsa a hannu, abokan aiki suna yi masa kallon mai himma. Wanda ya iya wannan, ai ko maƙiyinsa ya tashi tsaye ya gaishe shi.

Asalinta kuwa ba na raini ba ne. Kakarta daga tsaunukan Habasha ta fito, ta haye teku zuwa Yaman, inda sufaye a ƙarni na 15 suke dafa ta baƙa ƙirin, mai ɗaci, don ta kore musu barci su raya dare da zikiri. Tsohuwar nan ba ta da ado, ba ta da maiƙo. Kofi guda nata bai kai kalori 5 ba. A haka ta ratsa Makka da Alƙahira da Istanbul, a haka ta shiga Turai. Allah sarki, ɗaruruwan shekaru tana yawo a duniya ba ta san ana iya yin arziki da ruɓewar haƙoran jama'a ba. Sai da jikanya ta zo ta fitar da gidan kunya.

Haɗuwar gahawa da sanyi ma ta fara ne cikin talauci. Ana danganta ta da sojojin Faransa da aka yi wa ƙawanya a Mazagran ta Aljeriya a 1840, waɗanda suka riƙa sirka gahawarsu da ruwan sanyi saboda zafin ƙasar da suka je ci da yaƙi. A 1957, a bajekolin Tasalonika ta ƙasar Girka, wani ma'aikacin wakilin Nestlé mai suna Dimitris Vakondios ya rasa ruwan zafi, ya zuba garin Nescafé a ruwan sanyi ya girgiza, ta yi kumfa, Girkawa suka ɗauka. Duk waɗannan kame-kame ne na masu neman abin jiƙa maƙoshi. Basira ta gaskiya sai a Amurka. A 1992 wani shagon gahawa na yankin Boston, The Coffee Connection, ya fara sayar da haɗin gahawa da madara da sukari da niƙaƙƙiyar ƙanƙara da sunan Frappuccino. Mai shagon, George Howell, mutum ne da aka sani da tsantseni wajen zaɓen ƙwayar gahawa mai kyau, irin masu son a ji ɗanɗanon kowace gona a harshe. A 1994 Starbucks, mai shagunan gahawa, ya saye kamfanin nasa har da sunan, a 1995 ya baza abin a shagunansa, a 1996 ya haɗa kai da Pepsi aka ɗura shi a kwalba. A tsakiyar 2023 kusan kashi uku cikin huɗu na abin shan da Starbucks ya sayar a Amurka mai sanyi ne. Gidan da aka gina kan tururin gahawa ya koma rumfar ƙanƙara, kuma da yardar masu gidan, domin baƙuwar ta zo da alheri.

Kyauta ita ce halinta na farko da ya kamata a faɗa. Ba ta san rowa ba. Matsakaicin kofin Caramel Frappuccino a Amurka, mai mililita 473, yana ɗauke da kalori 380 da sukari sama da gram 50. Cokalin shayi gram huɗu yake ci, don haka lissafin ya haura cokali goma sha biyu. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 355, wanda iyaye ke fizgewa daga hannun 'ya'yansu suna faɗa, gram 39 kacal gare shi, abin tausayi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi goma cikin ɗari na abin da mutum ke ci a yini, wato kimanin gram 50 ga baligi, kuma in da hali a tsaya a rabin haka, gram 25, cokali shida. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta yanka wa maza gram 36, mata gram 25. Waɗannan mutane ne masu ƙididdige wa jama'a loma. Ita kuwa ranki ya daɗe a kofi ɗaya take sallamar mutum da rabonsa na yau, ta haɗa masa da na gobe, kuma ba ta taɓa yi wa kowa gori ba.

Masoyanta sukan ce ai wani ɓangare na sukarin na madara ne, Allah ya halitta shi a ciki. Sun yi gaskiya. Madara tana da kimanin gram biyar a kowane mililita 100, kuma kofin da rabinsa ƙanƙara ce madarar cikinsa ba ta taka kara ta karya ba. A cire mata wannan ɗan kaso, a ga yadda saura zai tsaya da ƙafarsa ba tare da ya girgiza ba. Wannan sauran daga kwalaben ruwan sukari yake fitowa, waɗanda ke jere a bayan kanta, kowace da famfonta a ka. Matsa ɗaya kimanin gram biyar ne. Matsakaicin kofin latte mai ɗanɗano matsa huɗu ake yi masa, babban kofin sanyi shida, wanda bai ƙoshi ba ya ce a ƙara. Starbucks da kansa ya yi alfahari da cewa akwai hanya fiye da 170,000 da mai saye zai iya haɗa abin shansa. Wane irin 'yanci ne ya wuce wannan? A 2011 kuma aka fito da kofin Trenta mai mililita 916 don gahawa da shayin ƙanƙara, kusan lita guda, saboda kada wani bawan Allah ya sha wahalar dawowa layi sau biyu.

Kada a manta da Dunkin', abokin hamayya, wanda ya nuna wa duniya abin da ake kira tuba. A 2019 ya goge kalmar Donuts daga allunan shagunansa, don a daina yi masa kallon mai tuyar fulawa da sukari, a san shi da abin sha. A 2023 sai ya fito da wani haɗi da sunan mawaƙiya Ice Spice, inda ake jefa ƙananan donat ɗin a na'urar markaɗe tare da gahawa da ƙanƙara. An sauke donat daga allo, an nutsar da shi a kofi, an hutar da haƙora wahalar tauna. Manyan kofunan irin waɗannan daskararrun haɗe-haɗe sukan haura gram 100 na sukari. A gaishe da masu tausayin muƙamuƙin talaka.

Sai dai kyauta ba ta isa a kira mutum gwani, sai an haɗa da iya lallashi, kuma a nan ne gwanintarta ta fi burge ni. Da za a ajiye wa mutum cokali goma sha biyu na sukari a faranti a ce ya cinye, kafin ya kai rabi zuciyarsa za ta tashi. Harshe yana da mai gadi. To ita ta san lagon mai gadin. Sanyi yana dakushe jin zaƙi. Shi ya sa askirim in ya narke yake gundurar mutum da zaƙin da bai ji ba lokacin da yake daskare. Ɗacin gahawa ya zo ya rufe wani kason, maiƙon kirim ya shafe sauran, tsinken zuƙa kuma ya wuce da kayan can ƙarshen baki da sauri. Kafin mai gadi ya farka, ayari ya shige gari.

A cikin ciki ma ladabinta bai ragu ba. Abin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna, don haka kalori 380 ɗin nan ba sa tare wa abincin rana wuri. Suna shiga su raɓe a gefe, mutum ya ci shinkafarsa cikakkiya kamar bai sa komai a bakinsa ba. Sukarin ya rabu biyu: gulukos ya faɗa jini a guje, jiki ya yi ta ɓarin insulin don ya kwashe shi, furuktos ya nufi hanta, wadda in abin ya yi mata yawa sai ta mayar da shi kitse ta adana. A maimaita haka kowace safiya, shekara da shekaru, sai jiki ya fara yin kunnen ƙashi da insulin ɗin, daga nan kuma hanyar ciwon sukari a buɗe take. Duk wannan aiki tana yin sa shiru, ba ciwon kai, ba zazzaɓi, ba ta tayar wa kowa da hankali sai ranar da likita ya duba takardar gwaji ya ɗago kai. Baƙon da zai shekara goma a gidanka yana aiki ba ka ji motsinsa ba, ai ya cika ɗan halak.

Babbar rigarta ita ce sunan kakarta. Bincike da dama sun nuna cewa masu shan gahawa a kai a kai ba su cika kamuwa da ciwon sukari nau'i na biyu kamar waɗanda ba sa sha ba, kuma jaridu suna son wannan labari, suna buga shi da manyan baƙaƙe. Yabon na tsohuwa ne mai ɗaci, amma jikanya ce ke zuwa karɓar tukuici. Mun saba jin an yi wa rogo kallon kitse. Ita ce ta farko da ta sa duniya ta yi wa kitse kallon rogo. Mai riƙe da ita ba ya cewa ya sha kayan zaƙi, cewa yake ya sha gahawarsa ta safe, alhali abin da ke farkar da mutum a cikin wannan Frappuccino bai kai sulusin na kofin baƙar gahawa mai girmansa ba. Wasu 'yan gidan ma, irin su Vanilla Bean Crème, ko ɗigon gahawa babu a cikinsu, amma ana sayar da su a kanta ɗaya, a kofi iri ɗaya, da tambari iri ɗaya, suna cin albarkacin zuri'a.

Har hukuma ta gwada ta, ta sha da ƙyar. A 2008 birnin Niyok ya tilasta wa manyan gidajen abinci rubuta yawan kalori a jikin allon farashi. Masana daga jami'ar Stanford suka bi cinikin Starbucks don su ga abin da ya canza. Kalorin da mutum ke saye a zuwa ɗaya ya ragu da kashi shida cikin ɗari, amma kusan duk ragin daga kek da sauran abin taunawa ya fito. Abin sha ko gezau. Mutane sun karanta lambar da idonsu, suka ajiye kek, suka rungume kofinsu. Ina wani ɗan siyasa da ke da magoya baya masu amana irin wannan? A 2012 magajin garin, Michael Bloomberg, ya nemi hana sayar da abin sha mai sukari a kofin da ya wuce mililita 473, amma dokar ta keɓe duk abin da madara ta fi rabi a cikinsa, kuma daga baya ma kotu ta rushe ta ɗungurum. A Birtaniya, harajin sukari na 2018 ya sa kamfanonin lemo da yawa suka rage zaƙin kayansu don gudun biya, amma harajin bai taɓa abin da ake haɗawa a shagon gahawa a miƙa wa mutum a kofi ba. Shekara biyar bayan haka, a 2023, ƙungiyar kare masu saye ta Which? ta duba irin waɗannan kofuna ta tarar da na karamel ɗin Starbucks yana da gram 48.5, a ƙasar da hukumar lafiyarta ta ce baligi kada ya wuce gram 30 a yini. An kama lemon kwalba an yi masa aski a bainar jama'a, ita kuwa ta wuce ta gaban masu kamen da farin mayafinta na madara, har suna yi mata sannu.

Son yara kuma, wannan sai dai a yi mata addu'a. A da gahawa abin manya ce. Ɗacinta kaɗai ya isa ya kori yaro. Ita ta ga wannan wariya ba ta dace ba. A watan Afrilun 2017 aka fito da Unicorn Frappuccino na 'yan kwanaki, ruwan hoda da shuɗi, mai canza launi in an juya shi, babu gahawa a ciki, sukari gram 59 a matsakaicin kofi. An yi shi ne don a ɗauki hotonsa a ɗora a Instagram, kuma yara da matasa suka yi wa kamfani tallan kyauta da wayoyinsu. A 2020 Dunkin' ya sa wa wani haɗin gahawar sanyi da madara da matsa uku na karamel sunan Charli D'Amelio, tauraruwar TikTok, tana da shekara 16, mabiyanta kuma da yawansu ba su kai ta ba. Likitocin yara na Amurka suna cewa a nisanta yara da kafeyin, likitocin zuciya suna cewa daga shekara 2 zuwa 18 kada ƙarin sukari ya kai gram 25 a yini. Likitoci ke nan, kullum hani. Su ba su ga yadda fuskar yarinya 'yar shekara goma sha biyu ke haske ba idan ta riƙe kofi irin na manya, an rubuta sunanta a jiki da alƙalami. Ciwon sukarin da littattafan likitanci suka daɗe suna kira na manya yanzu yana ƙaruwa a tsakanin 'yan makaranta a Amurka. Ba ita kaɗai ta yi wannan aiki ba, kuma saboda tawali'u ba ta taɓa neman a ba ta lambar yabo a kai ba, amma duk mai adalci ya san ta ba da gudummawarta.

Gaskiya da riƙon amana ma ba a bar ta a baya ba. Pumpkin Spice Latte, wanda ake sha da zafi ko da ƙanƙara, ya fito a 2003 da sunan kabewa a goshinsa, ya shekara goma sha biyu yana cin kasuwa, sai a 2015 aka fara sa masa kabewar gaske bayan an yi ta surutu. Ɗanɗanon banila da duniya ke sha, mafi yawansa bai taɓa ganin gonar Madagaska ba. A masana'anta ake haɗa shi, galibi daga sinadaran da ake samu a man fetur. A 2016 wasu suka kai ƙara cewa ƙanƙara ta cinye musu wuri a kofi, alƙali a Kalifoniya ya kori ƙarar, yana mai cewa ko yara sun san in an sa ƙanƙara abin sha zai ragu. Madalla da wannan hukunci. Sayar da daskararren ruwa a farashin gahawa sana'a ce, kuma wanda ya ƙirƙiro ta ya cancanci a koyar da tarihinsa a makarantun kasuwanci.

Manomi fa? Shi ma an girmama shi, an rataye hotonsa a bangon shago yana murmushi da kwandon jajayen 'ya'yan gahawa a ka. A watan Satumban 2018 farashin gahawa a kasuwar duniya ya faɗo ƙasa da dala ɗaya a kan gram 454, awon da ke fitar da kofuna masu yawa, a lokacin da kofi ɗaya na ranki ya daɗe ya haura dala huɗu. Lokacin da Habasha ta nemi mallakar sunayen gahawarta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, don manomanta su ɗan ƙara samun na cefane, sai da aka yi ta ja-in-ja da Starbucks, ƙungiyar Oxfam ta shiga tsakani da gangami, kafin a sasanta a 2007. Ai bai kamata a shagwaɓa manomi da kuɗi ba. Shi da aka sa hotonsa a bango a Landan da Tokiyo, me kuma yake nema?

Yanzu ga ta ta iso mu. Shagunan zamani a Legas da Abuja da Kano suna haɗa ta, matasa suna ɗaukar hoto da ita, kuma a ƙasar da rana ke dafa ƙwaƙwalwa a watan Afrilu, wutar lantarki kuma sai an yi sa'a, duk abin da ya zo da ƙanƙara ya zo da takardar shiga gari. Ta kuma tarar an share mata fage. Mai shayin unguwa ya daɗe yana tuttula madarar gwangwani da sukari har cokali ya kusa tsayawa, zoɓonmu da kunun ayarmu ma in ba su yi zaƙi cau ba cewa muke an yi mana rowa. Harshenmu a horar yake, abin da ya rage mana kawai shi ne kofi mai tambari da sunan da ke da wuyar faɗa, ga shi kuwa ta kawo. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da Najeriya ta fara karɓa a 2022 ko kuɗin tsinken zuƙarta bai kai ba, don haka babu abin da zai tsorata ta.

Alƙaluman Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya na 2021 sun ce manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Waɗannan su ne iyayenmu da ƙannenmu, masu yawan ƙishirwa da fitsarin dare suna ɗora laifin a kan zafi, kuma babu abin da mai irin wannan ƙishirwa zai yi maraba da shi kamar dogon kofi mai raɓa. A can inda ta fito akwai inshora da gwajin jini na shekara-shekara da ke ɗan rage mata hanzari. A nan magani daga aljihun mara lafiya yake fita, insulin yana son firij, firij yana son wuta, ciwon ƙafa kuma sai ya yi wari ake kai shi asibiti. Ba ta taɓa samun masauki mai sauƙin kai irin wannan ba. Tunda an san mu da karrama baƙo, sai mu fara shiri tun yanzu: a ƙara gadaje a ɗakin wankin ƙoda, a horar da masu yanke ƙafa da masu duba idon da ya dushe, a tanadi filin da za a sayar don biyan kuɗin asibiti. Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. A ƙara miki matsa biyu na karamel?